Rufin asirin talaka: haƙƙi ne ko alfarma?

Telan Unguwar Zariya:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni karatu, kuma amsar gaskiya nake so, ba ta lallashi ba. Shin ɗan ƙasa yana da haƙƙi a kan ƙasarsa cewa ba za a zuba masa ido ya rasa abin kai wa baka, da maganin sha, da inda zai sa haƙarƙarinsa ba? Haƙƙi nake nufi, irin wanda in an hana ka kana iya tsayawa ka ce an zalunce ka. Ko kuwa duk abin da hukuma ta miƙo wa talaka alheri ne kawai, in ya zo a gode, in bai zo ba a yi shiru?

Ni tela ne, a nan Maradi aka haife ni, a nan nake da shago, da keke biyu da yara masu koyo. Sana'armu ta lokaci ce. Daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin salla ba ma barci, haka ma gab da layya, sai kuma bikin aure bayan kaka. Da damina ta kankama kuwa sai ka wuni kana facin wando da canjin zip. Abin da mutum ya tara cikin azumi shi ke riƙe gida har hatsi ya iso. Ba kuka nake ba, alhamdu lillahi, asirina a rufe yake. Amma na san da lafiyar idona da ta ƙafata yake rufe, ba da wani abu ba.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto shi ne maƙwabcina, wani magini. Yana yaɓen siminti a wani bene katakon da ya taka ya goce, ya faɗo, ƙashin cinya ya karye. Mai ginin ya biya kuɗin kai shi likita da maganin farko, daga nan ya ce ya yi iya nasa. Babu wata takarda tsakaninsu, kullum da yamma ake ba shi na ranar. Ina zaune bakin shago ina kallon kayan gidan suna fita ɗaya bayan ɗaya. Jar akuyar matarsa aka fara ja zuwa kasuwa, da ƴaƴanta. Sai moto ɗinsa. Sai kwanonin jeren matar, waɗanda aka kawo ta da su, ta lulluɓe su da zane ta fita da su da magariba don kada a gani. Daga ƙarshe aka jinginar da gonar gado da yake da ita wajen Tibiri. Babbar ɗiyar an cire ta daga lakwal, yanzu tana tallar dafaffiyar gyaɗa a tasha.

Mu maƙwabta ba mu zura ido ba. Liman ya yi magana bayan sallar asuba, an yi karo-karo, mata suna aika tuwo. Sai dai kowa da nasa nauyin, kuma karo-karo ba ya jure wata da watanni.

Abin da ya tsaya mini a rai: mutumin nan ba rago ba ne. Tun yana saurayi yake gina gidajen mutane a garin nan. Duk litar man da ya zuba a moto, duk katin wayar da ya saya, duk sukarin shayinsa, akwai haraji a ciki. Ni ma ina biyan patanti, mai tebur a kasuwa yana yankar tikiti. In ma'aikacin albashi ya ji ciwo a bakin aiki akwai inda zai kai takardunsa. To mu da muka fi yawa, ina za mu kai namu? Ku gaya mini in akwai abin da doka ta ce, in kuma babu, ku gaya mini in daina sa rai.

Tsohon Mushe, Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba maƙwabcinka lafiya. Kada ka daina sa rai, don abin da kake tambaya a rubuce yake, kuma ba yau aka rubuta shi ba.

Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, a mataki na 12, ya ce kowa yana da haƙƙin rayuwa, da lafiya, da abinci mai kyau wadatacce, da ruwan sha, da ilimi. Mataki na 33 ya yi maganar haƙƙin aiki. An jingine wannan kundin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma alkawuran da Nijar ta ɗauka a gaban duniya suna nan. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948, a mataki na 25, ta ambaci halin maƙwabcinka kai tsaye: mutum yana da haƙƙin a tallafe shi in ya rasa aiki, ko ya yi ciwo, ko ya naƙasa, ko ya tsufa, haka matar da mijinta ya rasu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa kuwa, Nijar ta shige ta a 1986. A 2018 ma an yi dokar da ta shimfiɗa ginshiƙan kare rayuwar jama'a. Ta fuskar takarda dai ba mu da talauci.

Inda gizo ke saƙa shi ne wa tsarin ya rufe. Asusun CNSS, wato asusun kare ma'aikata na ƙasa, yana biyan abu uku: kuɗin iyali, da diyyar haɗarin aiki, da fansho. Amma sai wanda mai aikinsa ya yi wa rajista yake zuba masa kuɗi. A doka, wanda ya ɗauki mutum aiki wajibinsa ne ya yi masa wannan rajista. A zahiri kuwa magini da lebura da ɗan kabu-kabu da mai dako da manomi duk suna waje, kuma su ne ƙasar. Mafi ƙarancin albashi ya daɗe a sefa 30,047 a wata tun 2012, aka ɗaga shi zuwa jika 42 a farkon 2024. Abu ne mai kyau, amma mai karɓar kuɗin yini bai san an yi ba.

Akwai wuraren da haƙƙin ya ɗan taɓa ƙasa, kuma ya kamata a faɗe su. Tun 2006 aka ce yaro ƙasa da shekara 5 ba a biya masa kuɗin magani a likitar gwamnati, haka tiyatar haihuwa. Na ga iyaye mata da a da ba sa kai yaro sai ya galabaita, suka koma kai shi tun zazzaɓi na ranar farko. Matsalar da aka sha fama da ita ita ce jinkirin mayar wa likitocin kuɗinsu, sai magani ya yanke, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. Sannan a Agustan 2024 an rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati.

Kuma ka tuna 2005. A farkon shekarar aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara da sukari da fulawa da ruwa da wuta. Ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka kira zaman gida, Yamai da Damagaram da Tawa da nan Maradi aka rufe kasuwa, kafin ƙarshen Afrilu gwamnati ta sassauta. Ina cikin waɗanda suka ga babbar kasuwa wayam a ranakun nan. Waɗanda suka rufe rumfunansu ba roƙo suke ba, sun ɗauka nasu ne ake taɓawa.

Alhaji Mai Hatsi:

Mushe, ina girmama iliminka, amma ni ɗan kasuwa ne, lissafi na sani. Ƙidayar 2012 ta ce jihar Maradi kaɗai tana da mutum wajen miliyan 3 da dubu 400, yau kuwa mun fi haka nesa. Ka ɗauki gida dubu 100 kacal, ka ba kowane jika 10 a wata. Biliyan 1 ke nan duk wata, biliyan 12 a shekara, kuma ba ka taɓa ko rabin mabuƙatan jiha ɗaya ba cikin takwas. Daga wane aljihu? In ka ce a ƙara haraji, kan Malam tela da ni zai dawo.

Ni abin da na ɗauka haƙƙina shi ne a bar mini hanyar nema a buɗe. Garin nan da iyaka yake numfashi. Iyayenmu da gyaɗa suka tashi, farin 1973 da 1974 ya kashe ta, suka juya ga hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano, da ita aka gina Maradin da kuke gani. Duk lokacin da aka rufe wannan hanya ka je ka dubi gidajen mutane. A 1984 fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har yau tsofaffi El Buhari suke kiran wannan yunwa. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sai takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗora wa Nijar a 2023, aka haɗa da yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai a farkon 2024 aka ɗage. Mai walda, mai niƙa, mai ƙanƙara, mai dako a tasha, har kai Malam tela in kekenka na wuta ne, wa ya ba ku diyya? Babu wani tallafin da zai maye abin da rufe iyaka na wata guda ke cinyewa.

Ga kuma ƴan bindiga a yankin Madarunfa da Gidan Runji. Manomin da aka kore wa shanun huɗa, ko ya sayar da rumbu ya fanshi ɗansa, wane jika 10 ne zai tashe shi? A tsare masa ransa da dabbarsa, a gyara hanya, a rage shingaye, taki ya zo kan lokaci. In an yi wannan, Bamaraɗe ba ya jiran kowa.

Uwar Asusu, Jiratawa:

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma zan tuna maka abin da kai ma ka gani da idonka. A 2005 iyaka a buɗe take. Hatsi yana nan jibge a kasuwar Maradi, motoci suna lodi suna yin kudu da shi. Fari da fara sun ci amfanin 2004, kuɗin tiya ya tashi, na akuya ya faɗi. A wannan garin mai hatsi ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka kafa tantuna suna karɓar yara masu tamowa, mata suna zuwa da goyo daga ƙauyuka a ƙasa. An fara da sayar da hatsi da rahusa, alhali wanda ya riga ya sayar da komai ko rahusar ba ya iya saya. Sai da damina ta yi nisa aka soma rabawa kyauta. Buɗaɗɗiyar kasuwa tana amfanar mai abin saye ne.

Ni ba ni da karatun Mushe, ɗiyata ce ke rubuta mini wannan, amma na daɗe ina riƙe asusun mata. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi ya fara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Muna zama duk mako a kan tabarma a gidan shugaba. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, akwatin yana ɗakin ta huɗu. Ana kiran suna, kowace ta ajiye zubinta a faranti a gaban kowa, mai ƙirga ta faɗa da ƙarfi, mu maimaita. Akwai wani ɗan ƙunshi daban da muke zuba wa kaɗan-kaɗan, na ciwo da haihuwa da rasuwa, wannan ba bashi ba ne. Macen da ɗanta ya kwanta ba ta durƙusa wa kowa, ta zo ta faɗa a ba ta, don da kuɗinta a ciki kuma ƙa'idar kowa ta san ta. Ƙanena tela, in kana son ka ga bambancin haƙƙi da alfarma, ka dubi fuskar mace lokacin da take karɓa daga wannan ƙunshi, ka kuma dube ta a ƙofar gidan mai kuɗi.

Amma kada in yaudare ku. Asusu yana ɗaukar matsalar mutum ɗaya ne ko biyu. Ranar da abin ya sami kowa tare, kamar ambaliyar daminar 2024 da ta rusa gidaje a Maradi, duk mu ne masu nema, babu mai zubi. A nan ne ake buƙatar wanda ya fi mu ƙarfi.

Na kuma ga tallafin da gwamnati ta fara a 2011 da Bankin Duniya, jika 10 duk wata har shekara biyu, a hannun matar gida. Alhaji zai ce kuɗin ba su da yawa, gaskiya ne. Amma da yake an san ranar zuwansu, mace tana iya shiri. Na san wadda ta shiga adashe da rabi, ta sayi jar akuya, ba ta sayar da wakenta da kaka yana arha ba, mijinta bai tafi barema gonar wani ya bar tasa cikin ciyawa ba. Inda abin ke ciwo shi ne zaɓe. Gida biyu katanga ɗaya, talaucinsu ɗaya, a ɗauki wannan a bar wancan, kuma wadda aka bari ba ta san dalili ba. Shekara biyu na cika kuma shi ke nan. Shi ya sa mata ke kiransa sa'a.

Almajirin Zaure, Bagalam:

Ina so in ƙara abu ɗaya, don wasu suna ɗauka wannan magana ta Turawa ce. A Suratuz Zariyat, aya ta 19, Allah ya ce a cikin dukiyar masu taƙawa akwai haƙƙi ga mai roƙo da wanda ya rasa. Suratut Tauba, aya ta 60, ta jera kashi takwas na masu cin zakka. Sayyidina Abubakar ya yaƙi waɗanda suka hana ta. Sayyidina Umar kuwa, an ruwaito ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya sa aka ɗauke masa jiziya aka yanka masa abin ci daga baitulmali, don bai dace a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa ba. A shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira ya sa aka yi ta jigilar abinci daga Sham zuwa Madina.

Gonar da ruwan sama ya shayar, in ta kai nisabi, ɗaya cikin goma ake fitarwa, dame ɗaya cikin goma kamar yadda iyayenmu ke yi a bakin rumbu. Ta ban ruwa da wahala rabin haka. Alhaji ya tambayi aljihun da za a ciro. Ban ce zakka za ta ɗauke wa hukuma nauyinta ba, amma da ta hatsi da ta dukiyar kasuwar garin nan ana tara ta da tsari, maimakon a canza ta ƙananan takardu a raba wa layin mutane a ƙofar gida, da an fanshi gonar maginin nan tun tuni. Mai bashin da ya rasa yadda zai biya yana cikin kashi takwas ɗin.

Telan Unguwar Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Mushe, ka cire mini wani nauyi, don a da ina jin kunyar ma in yi tambayar, kamar mai kwaɗayin abin da ba nasa ba.

Alhaji, maganarka ta iyaka ba ni da ja a kanta. Lokacin takunkumi na koma keken ƙafa, yadi ya yi tsada, yaran shago na sallami wasu. Amma ban yarda cewa babu aljihu ba. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. Tun 2011 ake tace mai a Damagaram, yanzu ga bututun da ke kai ɗanyen mai daga Agadem har gaɓar teku a Benin. Ban ce a raba wa kowa albashi yana kwance ba, ni kaina ba zan so haka ba. Abin da nake cewa, a cikin wannan dukiya a ware wani abu sananne ga wanda ya karye, da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da marayu, a rubuta ko nawa ne, a faɗi wanda ya cancanta, a karanta sunaye a fili gaban mai unguwa, a kuma nuna ofishin da wanda aka tsallake zai kai kuka. Ko kaɗan ne a fara. Lissafinka na biliyan 12 gaskiya ne, amma akwai wani lissafin da ba a yi: yarinyar da aka cire daga lakwal, da gonar da ba za ta dawo ba, su ma asara ce ga ƙasa, sai dai ba a rubuta ta a littafin kowa.

Yaya Uwar Asusu, maganar ƙunshin nan naku ita ta fi shiga raina, don abu ne da za mu iya tun yanzu ba tare da mun daina neman na hukuma ba. Mu teloli muna da adashe, amma na kwasa ne kawai, babu na ciwo. Ranar Juma'a bayan masallaci muna da zama, zan kawo shawarar mu buɗe na ciwo da haɗari, mu gayyato magina da masu walda na layinmu, zubin ya fi yawa cikin azumi da kaka, ya ragu da damina. Ina roƙon ki sa ɗiyarki ta rubuto mini ƙa'idojinku: nawa kuke ba wanda ya kwanta, sau nawa a shekara, da yadda kuke yi da wadda ta daina zubi. Baba Mushe kuma, in mai sana'ar kansa yana da hanyar da zai yi wa kansa da yaran shagonsa rajista a CNSS, ka bayyana mana takardun da ake nema da abin da ake biya, in kai wa ƴan uwa a zaman.